Sawun Mayen Ƙarfe

Ranar Juma'ar da aka fasa ɗakin Dakta Zakiyya, masara ta riga ta fi mutum tsayi a Tsamiyar Dogo. A wannan yanki na tsakanin Funtuwa da Malumfashi, idan masara ta kai haka hankali ba ya kwanciya, don ba ka san wanda ke tsaye a cikinta ba. Sati uku ke nan da 'yan bindiga suka ɓullo daga gona suka tafi da mutum biyar, har yau ba amo ba labari. Tun daga ranar ko sallar Juma'a da gadi ake yin ta: maza na cikin masallaci, 'yan sintiri na zagaya gari da bindigogin toka.

Ana idar da salla Hajiya Hansai da 'yarta Zakiyya suka dawo daga gidan suna, suka tarar an ɓalle kwaɗon ɗaki. Ba a taɓa atamfa ba, ba a taɓa kwamfuta ba. Abu ɗaya aka ɗauka, wani ɗan akwatin ƙarfe mai girman sandar sabulu, wanda Zakiyya ta zo da shi daga jami'ar da take aiki a ƙasar waje. Ta zauna a bakin gado ta dafe kai, ta ce aikinta ne na shekara huɗu.

Aka aika a kira Malam Maharazu mai bin sawu. Dattijo ne gajere mai ciwon gwiwa, wanda ya kwashe shekara arba'in yana dawo wa mutane da shanu da jakunan da aka sace. Ana tsokanarsa cewa sai ya gama gaisawa da ƙafarka kafin ya dubi fuskarka, shi kuma bai taɓa musantawa ba. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, don haka bai sha wahala ba. A bayan katangar gidan akwai sawun manyan takalman 'yan sintiri, amma wannan ko'ina akwai shi a garin, har ido ya daina ganinsa. Abin da ya tsaya masa shi ne sawun takalmin roba mai cinyayyen diddige a hagu, da gurbin sanda a gefensa, ya zo ƙofar zaure ya juya ya nufi ruga.

"Wannan na Haladu ne," in ji shi.

Ya faɗa ne kamar yadda ya saba faɗin abin da ya gani, amma magana zarar bunu ce. Zaharaddeen, shugaban 'yan sintiri, wani ƙaƙƙarfan mutum mai jar riga cike da layu, yana tsaye a kansa. Ya ɗaga hannu kawai, babura shida suka tashi.

Haladu makiyayi ne, a nan aka haife shi, a nan aka binne mahaifinsa, kuma shi ke kiwon shanun Hajiya Hansai guda biyu. Kafin gwiwar Maharazu ta kai shi rugar, aikin gama ya gama. An ɗaure Haladu ta baya, matarsa na rusa kuka, Zaharaddeen kuma yana ɗaga akwatin sama yana cewa a cikin tarin taki ya tono shi. Ya buɗe wa jama'a suka leƙa, suka ga wasu 'yan abubuwa masu ƙyalli da siraran wayoyi.

"Da irin wannan ake kiran su," in ji Zaharaddeen. "Mun daɗe muna cewa akwai mai ba su labari a garin nan. To ga shi Allah ya tona."

Zakiyya ta kutsa cikin maza tana rantsuwa cewa abin ba ya kiran kowa, ba waya ba ce, ba rediyo ba ce. Wa zai saurare ta? Biri ya riga ya yi kama da mutum. Wani ya ce a kai shi bayan Dutsen Kura, bakuna da yawa suka amsa. Kowa a garin ya san mutum uku da aka kai bayan dutsen nan a shekara biyu, kuma ba wanda ya dawo. Da ƙyar Dagaci Alhaji Ubaidullahi ya karɓi akwatin, ya roƙi arziki a bar maganar zuwa azahar ɗin gobe. Zaharaddeen ya ce ya ba shi, amma ana kiran salla alƙawari ya cika. Aka jefa Haladu a tsohon siton auduga aka sa kwaɗo.

Kafin magariba Maharazu ya je ya tsuguna a bakin ƙofar siton, ya yi sallama ta wata ɓula.

"Baffa, kai ne?" in ji Haladu daga ciki. "Madara na kai wa Hajiya, saniyarta ta haihu. Na yi sallama ba kowa, na ajiye ƙwaryar a zaure na juyo. Wallahi ko tsakar gidan ban shiga ba."

Maharazu ya san gaskiya ya faɗa, don sawun bai wuce ƙofar zaure ba. Ya ga haka tun da rana, amma bakinsa ya riga hankalinsa. Ya tashi, tsoro da kunya suka rufe shi, irin waɗanda bai taɓa ji ba a shekara arba'in na wannan sana'a.

*

Washegari da hantsi Maharazu ya je gidan Hajiya Hansai. Dagaci ya mayar wa Zakiyya akwatinta, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta jera kwamfuta da batir da wata 'yar na'ura mai lambobi. Idonta ya kumbura, da alama ita ma ba ta runtsa ba.

"'Yata, ni ban yi boko ba," in ji Maharazu. "Ki gaya mini abin da ke cikin akwatin nan kamar za ki gaya wa akuya."

Ta nuna masa. 'Yan alluna ne guda shida a jere a kan faranti, kowanne bai fi farcen ɗan yatsa ba, da zare-zaren zinari a gefensu. Ta ce a kan kowane allo akwai wani shafe na ƙarfe da ya fi fatar albasa siranta sau dubbai. A cikin shafen nan suke tayar da wasu 'yan guguwoyi na maganaɗisu, wato abin da mutanen gari ke kira mayen ƙarfe. Ƙanƙantarsu ta kai a jera ɗaruruwa a faɗin gashin kai ɗaya. Inda akwai guguwa a ce ɗaya, inda babu a ce sifiri, da haka ake rubutu. Idan abin ya tabbata, wata rana ƙwayar da ba ta fi gero ba za ta riƙe littattafan gari guda, kuma ko an ɗauke wuta rubutun na nan. Ta zo da su gida ne don ta ga ko za su jure zafi da girgizar hanya.

"To da wane idon kike ganin su?"

"Ba na ganin su, Baba. Wuta nake turawa kaɗan ta bi ta cikin allon. In ta ci karo da guguwa sai ta ɗan kauce gefe, na'urar nan ta nuna mini kaucewar."

Maharazu ya jinjina kai. Wannan ya gane shi sarai, don shi ma bai taɓa ganin ɓarawo yana tafiya ba, inda ciyawa ta kwanta yake dubawa.

Ta haɗa allon farko da wayoyi. Layin da ke fuskar kwamfutar ya miƙe ɗoɗar, ko motsi babu. Ta haɗa na biyu, haka. Har na shida, duk haka. Sannan ta ɗaga soson da ke cikin murfin akwatin ta zaro na bakwai, wanda ta ɓoye a matsayin na ko-ta-kwana. Tana haɗa shi layin ya fara hawa da sauka kamar kunyoyin gona.

"An share shida," in ji ta a hankali. "Zafi bai yi wannan ba, taki bai yi ba, faɗuwa ba ta yi ba, ga na bakwai nan lafiyarsa lau. Mayen ƙarfe ne kaɗai ke kwantar da su haka, kuma mai ƙarfi."

"In an ajiye akwatin kusa da shi fa?"

"In yana rufe, ƙarfen akwatin zai kare su. Sai an buɗe, an kawo shi dab da su, an bi su ɗaya bayan ɗaya. Duba nan ma." Ta nuna masa wani ɗan rami a kusurwar farantin. "Kowane allo da 'yan ƙusoshi masu murɗi huɗu aka kafe shi. Wani ya sa tsinin wuƙa ya kwance ɗaya, ta ɓace."

Ya tambaye ta wa ya san da akwatin. Ta ce ba ta nuna wa kowa ba. Sai Hajiya Hansai da ke tankaɗe a gefe ta ce, ban da ranar da Zakiyya ta iso, da aka zazzage mata jaka a shingen 'yan sintiri na bakin gari kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Maharazu ya ji maganar, amma hankalinsa na kan mayen ƙarfe. Ya san rugar Haladu ciki da bai, ba abin da ke cikinta sai ƙore da igiya da tabarmi.

*

Mutum biyu ya sani da mayen ƙarfe a garin. Na farko Mati mai injin niƙa, wanda ke ɗaure na tsohuwar lasifika a bakin injinsa don ya kama garin ƙarfe kada ya shiga tuwon mutane. Mati na ganin sa ya kashe inji ya fara rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba, har ya sa Maharazu ya ɗan yi zargi. Amma da ya duƙa ya duba, wayar da aka ɗaure abin da ita ta yi tsatsa ta haɗe, gari ya daskare a kanta, an yi watanni ba a kwance ta ba. Rantsuwar Mati ta wani laifin ce daban, wanda ya shafi mudun matan gari, ba kuma shi ya kawo Maharazu ba.

Na biyu Murtala tela, mai tsince allurai da nasa. Wannan kuwa ya tsufa, da ƙyar yake ɗaga allura biyu. Kuma Murtala a sahun gaba ya yi Juma'a, kafaɗa da kafaɗa da Dagaci.

Maharazu ya fito shagon ya dubi inuwarsa, ta fara gajarta. Ta nesa yana hango 'yan sintiri biyu zaune a ƙofar siton auduga, ɗaya na ɗura wa bindigarsa albarushi. Ya je ya zube a bencin Inna Tsohuwa mai ƙosai. Abokiyar wasansa ce tun ƙuruciya, ba ta ganin sa ba ta ja shi da faɗa ba.

"Kai kuma mi ya same ka, ka yi zugum kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki?"

"Tsohuwa, ke da kika yi yawon duniya, me zai sa mutum mai hankali ya sami abu mai ƙyalli, ya ɗauko mayen ƙarfe ya riƙa goga masa?"

Ta yi dariya har ta saki matsami. "Yo wannan ai ko makaho ya sani! Gwadawa yake. Zinari ba ya bin mayen ƙarfe. Shekara bakwai ina sai da abinci a ramukan haƙar zinari, kowane ɗan haƙa da nashi a jiki. Da shi suke janye baƙin yashi in sun wanke ƙasa. Kuma ya zame masu jiki, ko ɗan kunne ka miƙa masu sai sun goga kafin su ce maka sannu."

"Irin na lasifika?"

"Ina! Wani ɗan ƙarami ne kamar kwabo, daga cikin matattun kwamfutoci ake ciro shi. In ya kama ƙarfe sai ka sa ƙarfi."

Ya tambaye ta su wa suka je haƙa daga garin nan. Ta fara lissafi da yatsu. Biyu rami ya rufta da su. Ɗaya ya wuce Agadas bai dawo ba. Ɗaya yana Dandume, ƙafa ta shanye. Da ta zo kan babban yatsa sai dariyar ta ɗauke. Ta dubi wajen siton auduga, ta mayar da idonta kan kasko.

"Ni ban ce komi ba, Maharazu. Ina da jikoki a garin nan."

Bai ƙara tambayarta ba. Ya koma bayan katangar Hajiya Hansai, wannan karon ya dubi sawun da ya tsallake jiya. Manyan takalman 'yan sintiri sun wuce sun dawo kamar kullum, amma guda ɗaya ya rabu da sauran. Ya je gindin katanga, ya ɓace, ya sake ɓullowa da zurfi kamar wanda ya diro daga sama. Daga nan ya gangara wani ɗan kwari da masara ta rufe. A can mai takalmin ya tsuguna a kan yatsun ƙafa, ya daɗe, don gurbin ya nutse. Ruwan jiya ya shimfiɗa baƙin yashi a ƙasan kwarin. A hannun dama na inda aka tsuguna akwai wani ɗan da'ira fari fat, inda baƙin yashin ya tashi gaba ɗaya kamar an lashe shi.

Maharazu ya daɗe yana kallon wurin. An ba kura jiran akuya, kuma shi da bakinsa ya nuna mata wadda za ta fara da ita. Ya san mutumin na da bindiga, yana da yara goma sha biyar masu bindiga, shi kuwa sandar dogarawa ce kawai a hannunsa.

*

Ya roƙi Dagaci ya tara mutane a ƙofar gidansa kafin kiran salla. Aka zo da Mati da Murtala, aka ce kowa ya kawo mayen ƙarfensa. Aka fito da Haladu a ɗaure, leɓɓansa sun bushe, aka zaunar da shi a rana. Zakiyya ta zauna a gefe da akwatinta a cinya. 'Yan sintiri suka yi da'ira, Zaharaddeen a tsakiyarsu yana duba agogo.

"Baba Maharazu, kai ka nuna mana sawu jiya," in ji shi. "Yau kuma wane wasa za ka yi mana?"

"Jiya na karanta rabi ne, ɗana. Yau zan ƙarasa."

Ya sa Zakiyya ta yi bayani, ta yi a taƙaice: wanda ya ɗauki akwatin ya buɗe shi, ya bi allunan da mayen ƙarfe mai ƙarfi, ya share abin da ke kansu. Mati ya fara salati. Maharazu ya ce ya kwantar da hankalinsa. Ya karɓi allura da zare a hannun Murtala, ya riƙe bakin zaren, allurar na reto a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, zan bi kowa da ke nan da wannan. Zan fara da kaina."

Ya zagaya jikinsa da ita, ba ta motsa ba. Ya kai ta kusa da na Mati da ke ajiye a ƙasa, ta karkata ta manne, mutane suka ga yadda abin yake. Ya bi Haladu daga wuya har ƙafa, shiru. Ya bi Dagaci da kansa, aka ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sannan ya juya ga 'yan sintiri, ya fara daga na ƙarshe yana tahowa, yana nisanta ta daga bakin bindigoginsu. Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya a kan tsamiya.

Da ya iso gaban Zaharaddeen, sai mutumin ya ja da baya taku ɗaya.

"Ni ma?"

"Dagaci ma an bi shi."

Maharazu ya matso. Ya ɗaga zaren daidai ƙirjin jar rigar, inda layu suka yi jeri uku. Allurar ta wuce ta farko, ta wuce ta biyu. Tana zuwa kan wata 'yar baƙar fata a gefen hagu sai ta miƙe a iska, ta fizge, ta manne da ita ƙam.

"Laya ce," in ji Zaharaddeen, muryarsa ta canza. "Maganin bindiga ne. Kowa ya san ba a buɗe laya, in an buɗe ta karye."

"Na ga layu da yawa a rayuwata," in ji Maharazu. "Ban taɓa ganin mai cin allura ba."

Zaharaddeen ya gyara riƙon bindigarsa. Ba wanda ya motsa, kuma a wannan lokacin Maharazu ya sallama cewa tasa ta ƙare. Sai Almustapha, mataimakin Zaharaddeen, wanda ƙanensa na cikin mutum biyar da aka sace, ya tako ya dafa bakin bindigar ya mayar da shi ƙasa.

"Shugaba, in maganin bindiga ne, ni zan biya a yi maka wani. Bari mu gani."

Ya sa wuƙa ya yanke fatar, ya zazzage a tafin hannun Dagaci. Ba takarda a ciki, ba aya. Wani ɗan farin ƙarfe ne kamar kwabo, baƙin yashi ya yi masa gemu. Maharazu ya sa farce ya tona cikin gemun, ya ciro wata 'yar ƙusa mai murɗi wadda ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ya miƙa wa Zakiyya. Ta ɗora ta a ramin da ke kusurwar farantin, ta murɗa da ɗan abin murɗinta, ta zauna daram daidai da 'yan'uwanta.

Zaharaddeen bai yi dogon musu ba. Ya ce tun ranar da ya ga ƙyallin a shinge abin ke ransa. Ya gwada, ya ga zinarin gaske ne amma bai kai nauyin gashin kaza ba, ba mai saye. Kafin ya san yadda zai yi da akwatin an fara kururuwa, sai ga Baba Maharazu ya ambaci sunan Haladu, shi kuwa ya tafi rugar da akwatin a jikinsa ya ce a taki ya tono shi.

Nan take bakunan da suka ce a kai Haladu bayan dutse suka juya kan Zaharaddeen, da muryar da ta fi ta jiya ƙarfi. Maharazu ya shiga tsakani ya ɗaga sandarsa, yana haki.

"Jiya bakina ya ɗaure mutum ɗaya. Wallahi ba zai kashe na biyu yau ba. Wanda zai kai shi dutse sai ya fara da ni."

Dagaci ya tashi tsaye ya mara masa baya. Aka karɓe bindigar, aka sa Zaharaddeen a bayan motar ɗaukar masara, Almustapha da dattawa biyu suka tafi da shi wurin hukuma. Ladan ya kira azahar motar na fita gari.

*

Maharazu da kansa ya kwance Haladu. Igiyar ta nutse a cikin nama, hannuwan sun kumbura sun yi baƙi. Aka miƙo masa ruwa a moɗa, ya kasa riƙewa, sai da Zakiyya ta tallafa masa yana sha tana hawaye. Mutane suka yi ta zuwa suna cewa ya yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne, shi dai yana kallon su ɗaya bayan ɗaya, ya san muryar kowa daga jiya.

Da aka watse ya dubi Maharazu.

"Baffa, shekarun baya da aka kore shanun babana, kai ka bi su har Matazu ka dawo da su. Ka san tafiyata tun ina bin maruƙa."

"Na sani."

"To da ka ga sawuna a ƙofar Hajiya, ba ka ga inda ya tsaya ba?"

"Na gani, Haladu. Na gani, ban faɗa ba. Ka yafe mini."

Haladu ya dubi hannuwansa. "Na yafe maka, Baffa, don ka dawo ka duba. Su kuwa ba wanda ya dawo."

Washegari bayan sallar asuba, gari na wayewa, Maharazu ya ɗauki man zafi ya nufi rugar don ya shafa masa a hannu. Ya tarar da bukkoki a buɗe, murhu da sauran ɗumi. Shanun Hajiya Hansai biyu da ɗan maraƙin suna ɗaure a turke, an zuba musu ciyawa mai yawa. Sauran garken ya bi hanyar kudu. A tsakiyar kofatan ga takalmin roba mai cinyayyen diddige, ga na mace, ga na yara uku, ƙaramin ana jan sa yana tirjewa. Gurbin sanda ne babu, don hannun ba zai iya riƙe ta ba.

Sawun sabo ne, raɓa ba ta ko bushe a kansa ba. Ko da gwiwarsa, da ya bi zai cim musu kafin su kai rafi. Ya tsaya a bakin hanyar da kwalbar man a hannu, yana kallon sawun har inda masara ta haɗiye shi. Sannan ya kwance shanun Hajiya, ya kora su gari.